Kalmomin masu ba da labari: wa ya faɗa, kuma ina ya ji?

 Yau gaisuwarmu ta musamman ga mutanen Damargu take: na Tanut da Belbeji, na Gangara da Olelewa, na Bakin Birji da Sabon Kafi, har da waɗanda ke can arewa tare da bisashe.

In baƙo ya sauka, aka ba shi ruwa ya sha, sai a ce masa: "Ina labari?" Shi kuma ya ce: "Sai alheri." Ko wace irin masifa ya baro a baya, haka zai fara cewa. Sai an zauna an huta sannan ya buɗe baki. Mai hankali kuma ba ya ƙyale shi haka nan. Zai tambaye shi: "Da idonka ka gani, ko gaya maka aka yi? Wa ya gaya maka? Yaushe?" Lokacin da ayarin raƙuma ke ratsa Damargu tsakanin Kano da Agadas, haka madugu ke tankaɗe labarin hanya kafin ya ce a ɗaura kaya.

To, radiyo ba ta tsayawa a tambaye ta. Jarida ma haka. Amma ƴan jarida suna da wasu kalmomi na sana'arsu, waɗanda ke amsa waɗannan tambayoyi in mutum ya san su. Ƙananan kalmomi ne. Da sauri suke wucewa, kuma yawancin masu sauraro ba su kula da su. Su za mu duba yau.

Bari mu fara da masu sauƙi. Wanda gidan radiyo ko jarida ya ajiye a wani gari don ya riƙa aiko da labari, shi ne "wakili". Abin da ya aiko, "rahoto". Wanda ke duba rahoton, ya rage, ya gyara, ya ce wannan ya fita wannan ya dakata, shi ne "edita". In an zaunar da mutum ana yi masa tambayoyi yana amsawa da bakinsa, "hira" ke nan. Sai "kanun labarai", waɗanda ake karantawa da farko, ko a rubuta su da manyan baƙaƙe a bisa shafi. Kanu jam'in kai ne. Kan labari kawai aka nuna muku. Ba wanda ke sayen rago a kasuwar Bakin Birji don ya hango kansa ta bisa danga. Ku jira gangar jikin.

Kada kuma ku haɗa labari da "sharhi". Labari shi ne abin da ya faru. Sharhi ra'ayin wani ne a kan abin da ya faru, kuma kuna iya yarda ko ku ƙi. "Talla" kuwa kuɗi aka biya aka sa ta. In kun ji ana yabon wani magani ko wani taki da kiɗa a baya, mai kayan ne ke magana, aron bakin radiyo ya yi.

Yanzu ga babbar kalmar yau. Ku rubuta ta a allo: ma-ji-ya. "Majiya".

Kun san mashaya, wurin da bisashe ke sha. Kun san makaranta, wurin da ake karatu. To majiya ita ce wurin da aka ji. Ɗan jarida ba ya ko'ina. Yawancin abin da yake faɗa, shi ma ji ya yi. Don haka aikinsa ne ya gaya muku rijiyar da ya ɗebo ruwan. Da kun ji "in ji", ko "a cewar", ko "kamar yadda wane ya bayyana", ku kasa kunne, sunan rijiyar ne zai biyo. "In ji likitan Tanut." "A cewar ma'aikatar noma." Maganar ba ta radiyo ba ce, ta wanda aka ambata ce. Radiyo ta tabbatar da cewa ya faɗa. Ba ta rantse cewa abin da ya faɗa gaskiya ne ba. Wannan bambanci ƙarami ne a kunne, amma babba ne.

Rijiyoyi kuwa ba ɗaya suke ba. Akwai "ganau", wanda abin ya faru a gabansa. Masu labarai kan ce "wani shaidan gani da ido". Akwai "jiyau", wanda shi ma ba shi aka yi. Akwai majiyar hukuma, wadda ke da suna da ofis, kuna iya zuwa ku tambaya. Akwai kuma wadda za ku ji an ce "wata majiya mai tushe", ko "wata majiya da ba ta so a faɗi sunanta ba". Wannan ba lalle ƙarya ba ce. Wani lokaci ƙaramin ma'aikaci ne ya san gaskiya, yana tsoron ya rasa abincinsa. Ɗan jarida ya san shi, ya yi masa alƙawarin rufa asiri. Amma ku ba ku san shi ba. Saboda haka irin wannan labari, ku riƙe shi da hannu ɗaya har a ji ta bakin wani.

Mafi rauni duka shi ne "an ce". Wa ya ce? Ba kowa. "Rahotanni na cewa" ma ɗan uwansa ne, riga kawai ya sa. In kuka ji "rahotannin da ba a tabbatar ba", to mai karanta labarin da kansa yana gaya muku kada ku ɗaura kaya tukuna. Labarin da ba shi da uba shi ake kira "jita-jita". Ku saurari kalmar da kyau: ji ta, ji ta. Kowa ji ya yi.

A da, jita-jita da ƙafa take tafiya, daga kasuwa zuwa kasuwa. Yanzu cikin wayar salula take, a WhatsApp da Facebook. Murya ce kawai za ta iso, ba suna, ba gari, ba rana. Wani lokaci hoton tsohon abu ne na wata ƙasa, a ce jiya ya faru a kusa da ku. Kafin ku tura wa wani, ku nemi majiyar. Ku kuma sani, Nijar ta yi doka a kan laifuffukan intanet a 2019, aka ƙara mata tsanani a 2024. Wanda ya tura maganar da ta ɓata sunan wani, ko ta tada hankalin jama'a, yana iya samun kansa gaban alƙali. "Ni ma turo mani aka yi" ba ta fidda mutum.

Kishiyar jita-jita ita ce "sanarwa", wadda wasu ke kira kominike. Kun san mai shela. Ba ya fara magana sai ya faɗi wanda ya aiko shi: sarki ya gaishe ku. Sanarwa haka take. Tana da mai ita, tana da rana, tana da sa hannu. Ga misali wanda ya shafi kowa a Damargu. Kowace shekara bayan girbi, hukumar jaha ke tsaida ranar sakin gonaki, ranar da bisashe ke da izinin shiga su ci kara. Ranar wata gunduma tana iya bambanta da ta wata. Makiyayin da ya kora garke don ya ji "an ce an saki gonaki", alhali sanarwa ba ta fito ba, shi zai biya ɓarna. Manomin da ya bar damunansa a gona bayan ranar ta wuce, shi ma ya ja wa kansa. A nan kalma ɗaya tana iya kawo faɗa har da zub da jini. Ku tambaya: sanarwar wa? Wace rana? Ta wace gunduma?

Tun da mun ambaci faɗa, ga wasu kalmomi da ya kamata a yi hankali da su ƙwarai. "Ana zargin wane da sata." Zargi ba shaida ba ne. "Jandarmomi sun kama wane." Kamu ba hukunci ba ne. "An gurfanar da shi gaban shari'a." Har yanzu ba a gama ba. Sai ran da kuka ji "kotu ta same shi da laifi", sannan ya zama mai laifi a idon doka. Shi ya sa ɗan jarida na kirki ke cewa "wanda ake zargi", ba ya cewa "ɓarawon". Wasu na ganin wannan tsoro ne ko kwana-kwana. Ba haka ba ne. Mutum nawa aka kama aka sake? Amma sunan ɓarawo, in ya manne, har ƴaƴansa sai ya bi wurin neman aure.

Haka nan in an ce "wasu makiyaya" ko "wasu manoma", kalmar "wasu" tana da aiki. Mutum 3 ne ko 4. Ba Fulani duka ba, ba Buzaye duka ba, ba Hausawa ko Barebari duka ba. Mai maimaita labari ya yar da "wasu" a hanya, ya hura wutar da ba zai iya kashewa ba.

Wanda aka zarga kuma yana da bakin magana. In ya ce ba haka aka yi ba, sai a ce ya "musanta", ko ya "ƙaryata". In ya ce haka ne, ya "tabbatar". In kun ji "mun nemi jin ta bakinsa amma ba mu same shi ba", ku san gefe ɗaya kuka ji. Dokar ƴan jarida ta 2010 ta ba wanda aka ambata cikin labari haƙƙin maida martani a gidan da ya ambace shi.

Sai kalmomin aiki da alƙawari. Waɗannan suna ruɗin mutane da yawa. "Za a gina" dabam, "an aza tubalin farko" dabam, "an buɗe" dabam. Misali yana nan ƙofar gidanku. Matatar mai ta Soraz, da ke cikin ƙasar Olelewa a gundumar Tanut, Shugaba Mamadu Tanja ya aza tubalinta cikin watan Oktoba 2008. Ba a buɗe ta ba sai ran 28 ga Nuwamba 2011, zamanin Shugaba Mahamadu Isufu. Shekara 3 tsakanin kalmar farko da ta ƙarshe, kuma wannan aiki ne da aka yi da sauri. Wani tubalin, akuya ce kawai ke hawa bisansa har yau. In kun ji labarin rijiya ko asibiti ko hanya, ku lura da kalmar da aka yi amfani da ita. "Ana sa ran", "ana shirin", "nan ba da daɗewa ba", duk ba a fara ba ke nan.

"Hasashe" ma na gaba ne. Kafin kowace damina, masana yanayi na ƙasa da na cibiyar Agirimet da ke Yamai tun 1974 sukan faɗi yadda suke ganin ruwa zai kasance. Da ilimi suke yi, ba duba ba ne. Amma maganar yanki mai faɗi suke yi, ba ta gonar wane ba. Ruwan da ya riga ya sauka kuwa da "milimita" ake auna shi. Milimita 1 ita ce lita 1 ta ruwa a kan fili mai tsawon mita 1 da faɗin mita 1. Malaman gona sukan ce a jira ruwa mai kamar milimita 20 kafin a zuba iri. In an ce Tanut ta sami milimita 25, ma'aunin da ke cikin gari ne ya samu. Ku dai ku tona ƙasarku ku ga inda laima ta kai.

Mu zo ga lissafi, don nan ne labari ya fi yin kwarjini. Mai karanta labarai da sefa yake ƙirga kuɗi, ku kuwa da dala kuke ciniki. Sefa 5 ita ce dala 1. Sefa 1000 ita ce jika 1. Miliyan 1 kuwa jika 1000 ce. Hatsi kuma da "tan" ake faɗinsa. Tan 1 kilo 1000 ne, wato buhu 10 na kilo 100. Buhu kuwa yana cin tiya kamar 40.

To ku ɗauki alli mu gwada. A ce an ba gundumar Tanut tan 100 na gero. A kunne abin da yawa. Buhu 1000 ke nan, tiya 40,000. A ƙidayar 2012, mutanen gundumar Tanut sun fi 400,000, na Belbeji kuma sun kusa 100,000. In aka raba tan 100 ga mutanen Tanut duka, mutum 10 ne za su haɗu a kan tiya 1. Kun gani? Ba raina taimako muke ba. Irin wannan hatsi dama ba na kowa da kowa ba ne. Amma in kun ji adadi, ku tambayi abu biyu: na mutum nawa ne, kuma su wa za a ba? Ku kuma bambanta "saidawa da rahusa", inda za ku je da kuɗinku wurin ma'ajiyar hatsi ta ƙasa, da "rabo kyauta", wanda sai an rubuta sunan gida.

Adadi yakan zo da ɗan rakiya. "Kimanin" da "wajen" suna nufin ba a ƙirga daidai ba. "Kusan" bai kai ba. "Fiye da" ya wuce. "Aƙalla" ita ce mai nauyi: in an ce aƙalla mutum 5 sun rasu, 5 aka tabbatar, ana jin tsoron sun fi haka. "Kashi 50 cikin 100" kuwa rabi ne, ba wani abu ba.

Za ku ji wannan kashi bayan kowane girbi, tare da kalmar "giɓi". Ma'aikatan noma suna lissafa cewa mutum guda yana bukatar kimanin kilo 230 na hatsi a shekara, wato buhu 2 da ɗan ɗori. Su ƙirga mutanen gari, su kimanta abin da aka girbe. Abin da ya rage bai cika ba shi ne giɓi. In an ce ƙauye yana da giɓin fiye da kashi 50 cikin 100, to abin da ya noma ba zai kai shi rabin shekara ba. Damargu, wadda aka sani da rumbun gero tun zamanin ayari, ta sha jin sunayen ƙauyukanta cikin wannan jeri.

Daga giɓi sai kalmar da ta fi kowace tada ƙura a ƙasarmu: "yunwa".

A 2004 ruwa ya ɗauke da wuri, fara kuma ta sauka. Hukuma ta lissafa giɓin hatsi na kimanin tan 223,000 a ƙasa duka. Da daminar 2005 ta zo, gero ya yi tsadar da talaka ba ya iya saye. Yara masu tamowa suka cika wuraren jinya a jahohin Maradi da Damagaram. Jaridun ƙetare suka ce ana yunwa a Nijar. Cikin watan Agusta 2005, Shugaba Tanja ya gaya wa BBC cewa babu yunwa, ƙarancin abinci ne irin wanda ƙasar ta saba gani. Mai rumbu wayam da ya ji haka, yaya zai ji?

Ga inda gizo ke saƙa. A Hausa, wanda bai karya kumallo ba yana jin yunwa. Shekarar 1984, wadda mutane suka sa wa suna El Buhari, ita ma yunwa ce. Kalma guda ce. Amma a bakin hukumomi da ƙungiyoyin agaji, kalmar da ake fassarawa da yunwa tana da ma'auni. A yau suna raba halin abinci hawa 5. Hawa na 1 lafiya lau. Na 2 matsi. Na 3 mawuyacin hali, an fara saida abin da bai kamata a saida ba, kamar saniyar tatsa. Na 4 halin gaggawa. Na 5 kaɗai suke kira yunwa. Ba su faɗinta sai gida 1 cikin 5 ya rasa abinci ƙwarai, yara 30 cikin 100 sun kamu da tamowa, kuma cikin mutum 10,000 ana rasa 2 kowace rana. Saboda haka in kun ji "babu yunwa" a labarai, ba a ce kowa ya ƙoshi ba. An ce dai ba a kai hawa na 5 ba. Tun daga hawa na 3 ya kamata agaji ya iso.

A ganinmu, gardamar 2005 ta daɗe fiye da kima, kuma ba masu gardamar ne suka biya kuɗinta ba. An daɗe ana saida hatsi da rahusa ga mutanen da ba su da ko dala. Rabo kyauta na gama-gari bai kankama ba sai cikin watan Agusta. A 2010 da abin ya sake dawowa, aka canza baki. Cikin watan Maris, firayim minista Mahamadu Danda ya fito fili ya nemi taimakon duniya tun kafin damina. Sunan da aka ba abu shi ke buɗe ƙofar sito ko ya bar ta a kulle.

Don haka ku ma, ran da wakilin radiyo ko ma'aikacin noma ya zo garinku, kada ku tsaya a "sai alheri". Kada kuma ku ce "muna mutuwa duka", don ba zai iya rubuta wannan ba. Ku ba shi abin da ke shiga rahoto. Dami nawa gidanku ya samu bana, nawa ya samu bara. Nawa ake saida tiya ran kasuwa. Gida nawa suka kulle suka tafi ci-rani. Yara nawa aka kai likita. A ranar, ku ne majiya, kuma ganau.

Ga aikin wannan mako. Yau da dare ku saurari labarai da alli ko alƙalami a hannu. Ku zaɓi labari guda. Ku rubuta amsar tambaya 4: me ya faru, a ina, yaushe, in ji wa? In kun rasa amsar ta ƙarshe, ku bar wurin fili, ku kai wa malaminku gobe ku duba tare. Wanda ya ji wata kalma da ba mu ambata ba, ya rubuta ta ita ma, a aiko mana.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Mu kwana lafiya.